Katakon Gwaggo

Gidan kakanmu yana tsakiyar tsohon Zongo na Kumasi, a wani lungu da mota ba ta shiga sai ta gogi bango. Fataucin goro ne ya kawo kakan namu daga Arewa, ya zauna, ya zama mai saukar fatake, ya gina gidan da jar ƙasa. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni. Amma ba zan yi wa gidan kara ba, a shekarun baya-bayan nan ya zama abin kunya. Kwano ya ci tsatsa, bangon gabas ya yi ciki, kwata ta ratsa tsakar gida tana wari, ɓeraye kuwa har sun daina gudu in sun ga mutum. 'Yan haya sun cika ɗakunan fatake, kowa na buga ƙusa inda ya ga dama. Dangi duk mun watse, wasu Aboabo, wasu Accra, ni ina Asokore Mampong. Mutum ɗaya ce ta rage a cikinmu, Gwaggo, ƙanwar ubana, wadda ta ce ba mai fitar da ita daga gidan sai a kan makara.

Gwaggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ina yarinya. A bayan ɗakin da ake ajiye goro akwai wani ɗan ɗaki marar taga, a cikinsa akwai katako guda, faffaɗa, na icen odum, wanda kakanmu ya sa aka sassaƙa. An fafe masa kwari a gefe da gefe, an huda rami a wajen ƙafa, don ruwan wanka ya bi ya sauka ba tare da ya kwanta a ƙarƙashin mamaci ba. A kansa ake wanke duk wanda ya rasu a gidanmu da maƙwabta.

To, ga halinmu. Mu ba ma ambaton wannan katako. Ba a faɗin aikinsa a gaban yara, ba a faɗa a gaban abinci, ba a faɗa wa baƙo. In dole ta kama, sai a rage murya a ce katakon baya. In an yi rasuwa, kafin a buɗe ɗakin sai an kora yara maƙwabta, sauran ranaku kuma a ce mana akwai maciji a ciki. Ni kaina sai da na yi aure na haihu na san abin da ke ɗakin, ranar da uwata ta rasu, Gwaggo ta kira ni in zuba mata ruwa.

Da tsufa ya kama ta, aikin ya bar hannunta. An gina wa masallacin unguwa ɗakin wanka mai tayil da gadon ƙarfe, mutane suka koma can, katakon ya zauna jingine da tsohuwar tabarma a kansa. Amma Gwaggo ba ta sake shi ba. A kansa aka wanke uwarta, a kansa ta wanke 'yarta tilo da hannunta, kuma a kansa take so a wanke ta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta kama hannuna ta ce, "Ke na bar wa. A katakon nan, a ɗakin nan. Kada ki bari su kai ni kan ƙarfen masallaci, sanyi gare shi."

Nakan ce, "Haba Gwaggo, gawa tana jin sanyi ne?"

Sai ta harare ni ta ce, "Wa ya dawo ya gaya miki ba ta ji?"

Ana nan sai ɗan baffana ya dawo daga Jamus. Ƙanena ne nesa ba kusa ba, na goye shi. Yana ƙaramin yaro aka tafi da shi, ya dawo da tumbi da gemu gyararre, unguwa ta sa masa Boga kamar yadda ake kiran duk wanda ya daɗe a Turai. Ba mugun mutum ba ne, wannan dole in faɗa. Shi ke riƙe da rabin dangi, asibitin wannan, makarantar wancan, ba ya gori. Ya zagaya gidan yana toshe hanci, ya dawo zaure idonsa na ƙyalli.

Ya ce, "Yaya, wannan gida gold ne paa. Ku kuna ganin datti, ni ina ganin history. Za mu gyara shi yadda yake, ba za mu rushe komai ba. Masauki a ɗakunan fatake, wurin cin abinci a tsakar gida."

A lokacin gidaje biyu na lungunmu an sayar da su, an baje, an dasa benaye masu shagunan waya. Kowa ya san namu ne na gaba in ba a yi wani abu ba. Saboda haka dangi suka amince, ni ma na ji daɗi. Aka sallami 'yan haya, aka lallashi Gwaggo ta zo wurina kafin a gama aiki. Ranar da za ta fito, ta tsaya a zaure da sandarta, ta ce wa Boga, "Kai yaro, ban da ɗakin baya." Ya ce, "Ba matsala, Gwaggo." Bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. A idonta har yanzu yaro ne, kuma ba a faɗa wa yara.

Ya ɗauko wata mai tsara ado daga Accra, mai dogayen farata, da kafintoci waɗanda ba su taɓa shiga gidan Zongo ba. Na leƙa aikin a farko-farko. Abin da na tarar shi ne ma'aikata suna kankare simintin bango. Simintin da iyayenmu suka sha wuya suka shafa don a daina ce mana 'yan gidan ƙasa, shi ake ɓamɓarewa don jar ƙasa ta fito, wai ita baƙi ke son gani. Na yi dariya, na ce ashe talaucinmu ado ne ba mu sani ba. Na duba ɗakin baya na gan shi a kulle, hankalina ya kwanta. Daga nan ciwon ƙafar Gwaggo ya tsananta, na daina samun zuwa.

Kullum ta idar da sallar walaha sai ta tambaye ni, "An gama? Katakona fa?" In ce mata yana nan inda ta bar shi, don a sanina haka ne.

Ranar buɗewa Asabar ce. Gwaggo ƙafa ta kumbura, ta ce in je in gano mata. Na makara, na tarar malam ya riga ya yi addu'a an fara rabon abinci. Gaskiya gidan ya yi kyau. An rufe kwata, an tallafe bangon gabas, an sa sabon rufi, iska na ratsawa. Sai dai tun daga zaure raina ya fara sosuwa. Butar alwalar kakanmu an cusa mata furen roba. Kwanukan jeren uwata an kafe su a bango. An jera huhun goro a kusurwa, na taɓa ɗaya na ji tsumma ne a ciki. Na ce ba komai, in dai gidan zai tsaya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dattawan unguwa. Duk sun cunkushe a zaure, kowa ya ɗora faranti a cinya, alhali ga kujeru a ciki. Tsofaffin mata kuwa sun jeru a gindin bango, hannu a lulluɓe cikin mayafi. Duk wadda aka miƙa wa abinci sai ta ce tana azumi. Azumi ranar Asabar, su duka, har da wadda na sani ko na Ramadan sai an yi da gaske take kai shi.

Na shiga tsakar gida. A ƙarƙashin sabuwar rumfa ga wani dogon tebur, matasa sun kewaye shi, 'ya'yan dangi da abokan Boga da wasu Turawa, ana ci ana hoto. An yi masa ƙafafun ƙarfe, an goge shi an shafa mai yana ƙyalli. Sai na ga kwarin gefen. Sai na ga ramin wajen ƙafa, an zura masa kwalbar shito, soyayyen yajin nan da ake ci da abinci, ta zauna daram kamar don ita aka huda shi.

Ina tsaye ina kallo, wata budurwa ta ture kwanon tuwo, miyar ayoyo ta zube. Ta gangara cikin kwarin, tana yauƙi, ta bi hanyar da aka fafe mata har ƙasa, daidai yadda na ga ruwa ya bi ranar da na zuba wa uwata. Saurayin da ke zaune a ƙarshen tebur ya sa yatsa ya tare ta, ya lashe, aka kwashe da dariya.

Ban san lokacin da na fita lungu ba. Kokon da na sha da safe duk sai da ya dawo.

Da na kurkure baki na koma wurin tsofaffin nan. Na tsuguna gaban babbarsu, maƙwabciyarmu ta jikin bango, wadda mijinta ma a kan katakon aka wanke shi.

Na ce, "Hajiya, kun gani?"

Ta ce, "Mun gani, ɗiyata."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kafintoci suka fito da shi suna gogewa."

"Shi ne ba wanda ya buɗe baki?"

Ta gyara mayafi ta kalli ƙasa. "Wa zai faɗa? Mu mun ɗauka baffanki zai faɗa. Shi kuma ya ce maganar mata ce. Yau kuma ga abinci a gaba, ai ba a ambata."

Wallahi a ranar na rasa wanda ya fi ba ni ƙyama, masu lasar miya da ba su sani ba, ko masu azumin ƙarya da suka sani. Unguwa guda, masu furfura, sun zuba ido jikokinsu na cin tuwo a inda aka kwantar da iyayensu, wai su kunya. Ni dai an san bakina ba ya ajiya. Na ja Boga zuwa kicin, na kori masu girki, na gaya masa ko mene ne teburinsa, da sunansa, ban rage murya ba.

Fuskarsa ta canja. Ya dubi hannuwansa, ya juya ga famfo ya yi ta wanke su da sabulu. Ya ce, "Innalillahi. Yaya, wallahi ban sani ba. Gwaggo ta ce ban da ɗakin baya, na ɗauka tsoron macijin nan ne da ake gaya mana. Me ya sa ba wanda ya gaya mini koraa, ko sau ɗaya?" Har da hawaye. Ya rantse gobe-goben nan za a cire. Na tambaye shi ɗakin fa, ya sunkuyar da kai. Ɗakin baya ya zama ban-ɗakin baƙi, tunda dama akwai hanyar ruwa a ƙasansa.

Na koma gida na ce wa Gwaggo gida ya yi kyau, na shige kicin kafin ta yi tambaya ta biyu.

Bayan kwana biyu na biya daga cefane a Adum don in ɗauki katakon. Yana nan a ƙarƙashin rumfa, baƙi na cin wake da shinkafa a kai. Wani ma'aikacin gidan, sanye da riga mai aiki a wuya, ya tsaya a kansu yana bayani da Turanci, yana bin kwarin da yatsa, yana nuna ramin. Baƙin suka ajiye cokali, suka zaro ido, suka ɗaga wayoyi. Sannan suka ɗauki cokulansu suka ci gaba.

Ashe Boga ya kai wa 'yar Accra labari yana kuka, ita kuwa ta tafa hannu ta ce ai yanzu ne teburin ya yi daraja. Kuma ta yi gaskiya, don har waya ake bugowa a kama wuri a kansa.

Na same shi a ofis. Wannan karon bai wanke hannu ba.

Ya ce, "Yaya, ki zauna mu yi magana. Na tambayi malam, ya ce katako ba ya ɗaukar najasa in an wanke. Kuma ki duba, shekara nawa yana jingine gara na neman cin sa? Yanzu mutane daga ko'ina suna jin labarin kakanmu. Respect ne wannan."

Na ce, "Gwaggo fa? Wasiyya ta bar mini."

Ya ce, "Ai ƙafafun kwancewa ake yi. In lokaci ya yi, Allah ya ja kwana, sai mu ba ku aro."

Aro. Katakon ubanta za a ba ta aro, a wanke ta, a dawo da shi kafin abincin rana. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Na kira taron dangi, baffa ya yi ta tari yana cewa a bi a hankali, yaron nan yana ƙoƙari. Sauran duk suka zama kurame, kowa na tuna abin da yake samu. Na ce to, ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, in faɗa da ƙarfi, kowa ya ji da kunnensa abin da ya riga ya sani. Sun san zan iya. A nan Boga ya sauko, ya ce a ba shi lokaci kafinta ya haɗa wani tebur, sai in zo in ɗauka.

Na dawo gida ina jin na yi nasara. Tunda na ƙwato shi, na ga babu amfanin ci gaba da ɓoyewa, kuma na gaji da kauce wa idonta. Na zauna a bakin gadonta na gaya mata komai, na ƙare da cewa katakon na dawowa.

Da na gama ta ce, "Kai ni in gani."

Washegari da hantsi na ɗauki tasi. Daga bakin lungu muka taka, tana dogara sanda, ina riƙe da ɗaya hannun. Ta wuce butar ubanta da furen roba ba ta tsaya ba. A tsakar gida wasu ma'aurata ne a teburin suna cin soyayyen kifi. Gwaggo ta yi musu sallama, ta tambaye su gajiya, kamar yadda take wa kowane baƙo a gidan ubanta. Suka yi murmushi, matar ta tambaya ko za ta iya ɗaukar ta hoto. Na ce a'a.

Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a wajen kai, ta shafa a hankali har zuwa kwarin. Ta ɗago hannun ta duba, maiƙo ya kama shi. Ta kai hanci ta shinshina. Na miƙa mata hankici ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ta nufi ɗakin baya, daidai lokacin wani baƙo ya fito yana gyara bel, ƙarar ruwa na biye da shi. Ta tsaya ta ba shi hanya.

Boga ya fito da gudu ya durƙusa. "Gwaggo, ki yafe mini. Sati mai zuwa za a kawo miki shi har gida."

Ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Gida ya yi kyau."

Sai da tasi ta hau titi Gwaggo ta yi magana, ba ta ko dube ni ba.

"Waccan maganar da na bar miki, na janye."

Na ce, "Gwaggo, ai na karɓo shi. Zan kankare man da hannuna, in wanke shi da toka da ruwan zafi."

Ta ce, "Ni ba kifi ba ce. Kada ki ɗora ni a inda ake cin abinci. Ki shimfiɗa leda a ƙasa ya ishe ni."

Na yi ta roƙonta har gida, da kwanakin da suka biyo. Ba ta sake tambayar katako ba, ba ta sake tambayar gidan ba. Da na ce ko za ta koma ɗakinta tunda an gama aiki, ta ce wane ɗaki. Sabon teburin Boga kuwa bai taɓa ƙarewa a wurin kafinta ba, ni ma na daina bi, tunda wadda nake yi dominta ta ce ba ta so.

Da damina Gwaggo ta rasu, wata safiyar Alhamis, tana shan koko ta ce in karɓi kofin. Kafin mu gama haɗa ruwa da likkafani sai ga ƙarar babur mai ɗaukar kaya a ƙofar gida. Boga ne, ido jajur, ya kwance ƙafafun, ya ɗauro katakon da igiya, ya lulluɓe shi da farin yadi sabo. Mata suka ce Alhamdulillahi, yaro ya kyauta, a shigo da shi.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zai shiga ba.

Hajiya maƙwabciyarmu ta kama hannuna. "Ɗiyata, duk unguwa ta san abin da take so. Kada ki hana ta."

Na ce, "Ta janye, Hajiya. A kunnena ta janye."

Boga ya ce, "Yaya, don Allah. Da kaina na wanke shi."

Na ce na ji, amma ba zai shiga ba. Ko daga inda nake tsaye ina jiyo ƙamshin man gogewa da shito.

A ban-ɗakina muka wanke ta, a ƙasa, a kan ledar da nake shanya barkono. Wurin bai kai tsawonta ba, sai da muka bar ƙofa a buɗe muka kare da zani. Ni da wata mata da ita ta koya wa aikin muka durƙusa a kan tayil, ruwa na taruwa a ƙarƙashinta muna ɗaga ta muna sharewa da tsumma. Matar da ta wanke rabin matan Zongo ba ta taɓa barin ruwa ya kwanta a bayan kowa ba. Tayil ɗin sanyi ƙalau, na yi ta ba ta haƙuri a zuciyata.

Katakon ya yini jingine a bangon waje, masu zuwa gaisuwa na kauce masa. Da maza suka dawo daga maƙabarta na leƙa ban gan shi ba. Ranar sadakar uku na tambayi baffa inda aka kai shi. Ya yi tari, ya ce an mayar masa da ƙafafunsa, don akwai masu bikin ranar haihuwa da suka kama wuri tun watan jiya.